Iskar Awa Ɗaya a Ƙugu: Na'urorin Numfashi da Hatsarin Mahaƙar Sago

Da ƙarfe 6:26 na safiyar Litinin, 2 ga Janairun 2006, iskar gas ta fashe a ƙarƙashin ƙasa a mahaƙar kwal ta Sago, kusa da garin Buckhannon a jihar Bajiniya ta Yamma, ƙasar Amurka. Ranar ce ma'aikata suka koma bakin aiki bayan hutun sabuwar shekara, kuma gari ya waye da hadari da tsawa. Mutum 29 ne a cikin ramin a lokacin. Fashewar ta taso ne daga wani tsohon ɓangare da aka gama haƙa aka toshe bakinsa da katangun bulo, inda iskar mitan mai kama wuta ta taru. Ƙarfin fashewar ya ninka abin da aka gina katangun su jure fiye da sau huɗu, don haka suka tarwatse, hayaƙi da ƙura da guba suka kwararo cikin hanyoyin da mutane ke bi. Hukumar kula da tsaron ma'aikatan ma'adinai ta Amurka, MSHA, ta ce a rahotonta na 2007 tsawar ce mafi kusa da zama sanadin tashin wutar. Ƙungiyar ƙwadagon masu haƙar kwal ba ta yarda da haka ba, ta ɗora laifin a kan gogayyar duwatsun rufi. Wannan gardama ba ita ce ta dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo bayan ƙarar.

Mutum 16 sun samu sun fito da ransu. Mutum ɗaya ya rasu kusa da inda abin ya faru. Saura 12, rukunin da ya riga kowa shiga, suna can ciki, fashewar ta auku tsakaninsu da ƙofar fita, wadda ke da nisan kusan mil biyu daga wurin aikinsu. Wayar tarho ta tsinke. Ba dutse ne ya danne su ba, ba wuta ce ta ƙone su ba. Suna tsaye da ƙafafunsu, kuma kowannensu yana da na'urar numfashi ta gaggawa da aka ce za ta ba shi iskar awa ɗaya. Bayan awa 41, da masu ceto suka isa, mutum ɗaya tak suka samu da sauran numfashi.

Na'urar da suke ɗauke da ita sunanta SR-100, ƙirar kamfanin CSE. 'Yar akwati ce ta ƙarfe da ake ratayawa a bel, nauyinta bai kai kilo uku ba. Wanda bai sani ba zai ɗauka tukunyar iska ce irin ta asibiti. Ba haka take ba. A cikinta akwai wani sinadari mai suna fotasiyom sufa-oksaid. Idan mutum ya ciji robar bakin ya fitar da numfashi, laimar numfashinsa da gurɓatacciyar iskar da ya fitar su ne ke haɗuwa da sinadarin, sai ya shanye marar kyan ya saki oksijin zuwa cikin wata jaka mai laushi da ke lilo a ƙirji. Daga jakar mutum ke shaƙa. Ma'ana numfashin mutum na zagayawa ne tsakanin huhunsa da akwatin, babu ruwansa da iskar waje. Amma sinadarin ba ya kankama nan take, yana bukatar 'yan mintuna. Don haka aka sa wata 'yar ƙaramar tukunyar oksijin a ciki, wadda ake buɗewa da jan wata igiya, ta hura jakar ta riƙe mutum kafin sinadarin ya ɗauki zafi. A riƙe maganar wannan 'yar tukunya, don za ta dawo.

Gubar da suke gudu kuwa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Kabon monoksaid ce, wadda ke fita daga salansar janareto da kaskon gawayi, wadda muke jin ta kwashe iyali guda cikin dare idan an kunna inji a ɗaki an rufe ƙofa. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau ɗari biyu da wani abu, shi ya sa kaɗan ɗinta ma, idan aka daɗe ana shaƙa, yana taruwa har ya kashe. Tana farawa da ciwon kai da jiri, sai kasala, sai tunani ya dagule, sai barci. Ƙyalle ko takunkumin ƙura ba sa tare ta ko kaɗan. Amurkawa sun koyi wannan da tsada tun 1972, lokacin da gobara ta kashe mutum 91 a mahaƙar azurfa ta Sunshine a jihar Idaho, inda ma'aikata da yawa ba su iya amfani da 'yan matatan iskar da aka ajiye musu ba, wasu don ba a taɓa koya musu ba, wasu don tsatsa ta hana su buɗuwa. Tun 1981 doka ta wajabta wa mahaƙun kwal na ƙarƙashin ƙasa na'urar da ke samar da oksijin nata na kanta. Ke nan a ranar Sago, irin wannan na'ura ta kusa shekara 25 a hannun ma'aikata.

Mutanen 12 ba su zauna ba. Sun hau motar dogon da ta kawo su suka nufi waje, tarkace ya tare musu layi, suka sauka. Suka buɗe na'urorinsu. A nan ne abin ya lalace. Labarin ya zo mana ne daga bakin wanda ya rayu, Randal McCloy Jr., matashi ɗan shekara 26, a wata wasiƙa da ya aika wa iyalan abokan aikinsa a watan Afrilun 2006. Ya ce aƙalla huɗu daga cikin na'urorin ba su yi aiki ba. Ya ce shi ya riƙa karɓa-karɓa da tasa shi da wani abokin aikinsa, sauran ukun kuma suka nemi taimako wurin wasu. Na'urorin ba su wadaci kowa ba.

A duba wannan hali da kyau. Mutum takwas suna da iska, huɗu ba su da ita, gaba kuma hayaƙi ne da ba a ganin tafin hannu. Waɗannan mutane ne da suka shekara suna cin abinci tare a ƙarƙashin ƙasa, sun san matan juna da 'ya'yan juna. Wa zai ce wa ɗan'uwansa, kai tsaya nan, mu za mu wuce? Suka juya baya gaba ɗaya zuwa ƙarshen ramin inda suke aiki, suka rataya labulen leda mai kauri suka killace kansu a wata kusurwa, kamar yadda aka koya musu a yi idan hanya ta gagara. Suka sami guduma suka riƙa dukan ƙusoshin rufi bi da bi, don na sama su ji. An koya musu cewa idan an ji su za a amsa da harbin nakiya daga sama. Suka buga har ƙarfinsu ya ƙare. Ba su ji amsa ba, domin ba a kafa na'urar da ke sauraren irin wannan bugu daga sama ba. McCloy ya ce sai da suka riƙa cire robar daga baki don su iya ɗaga gudumar da ƙarfi.

A waje kuma lokaci na tafiya. Shugaban mahaƙar da wasu 'yan mutane sun shiga da kansu tun da safe, suna gyara hanyar iska suna matsawa gaba, har hayaƙi ya kore su. An ɗauki kusan awa biyu kafin labari ya kai ga MSHA. Rukunin masu ceto na farko bai shiga ba sai bayan ƙarfe biyar na yamma, awa 11 bayan fashewar, saboda ana tsoron akwai wuta a ciki da za ta iya tayar da fashewa ta biyu. Da asubar Talata aka huda rami daga sama zuwa kusa da inda suke, aka auna iskar, aka sami kabon monoksaid kashi 1,300 cikin miliyan, wato fiye da ninki uku na abin da ake cewa mutum zai iya jurewa na ɗan lokaci. Takardun da mamatan suka bari a aljihu sun nuna cewa wasunsu suna raye suna rubutu har bayan ƙarfe huɗu na yammacin Litinin, awa goma bayan fashewar. Helumansu, Martin Toler Jr., ya rubuta wa iyalinsa a bayan wata takarda cewa abin bai yi tsanani ba, barci kawai ya yi, kuma yana son su.

Da aka same su, wajen ƙarfe goma sha biyu saura na daren Talata, saƙon da masu ceto suka aika ta bakin wannan zuwa wancan, suna magana ta cikin takunkumin fuska, ya gurɓace a hanya. Aka shaida wa iyalan da ke jira a cocin garin cewa mutum 12 na raye. Aka kaɗa ƙararrawa, aka yi ta rungumar juna, jaridu suka buga. Bayan kusan awa uku aka dawo aka ce musu mutum ɗaya ne. Duk sanda na tuna matan nan a cikin waɗannan awoyi uku sai jikina ya yi sanyi.

Sai aka kwashi na'urorin aka kai ɗakin gwaji. Hukumar binciken lafiyar ma'aikata, NIOSH, da MSHA suka duba su, suka ce dukansu sun tashi, dukansu sun samar da oksijin, kuma babu wadda sinadarinta ya ƙare. Wasu ma ko rabi ba a ci ba. Wato mutanen sun mutu da sauran iska a cikin akwatunan da ke gefensu.

To, wa ya yi gaskiya? Mutumin da ya ga abin da idonsa, ko injiniyan da ya buɗe akwatin ya auna? Ni dai na daɗe da barin neman maƙaryaci a cikinsu. Abin da injiniya ke nufi da na'ura ta yi aiki shi ne sinadari ya ɗauka ya saki oksijin. Abin da mutumin da ke durƙushe cikin duhu yake nufi shi ne ya ja numfashi ƙirjinsa ya cika. Waɗannan abu biyu ne daban, kuma tsakaninsu ne mutanen Sago suka faɗa.

Ga yadda ake sa na'urar, kamar yadda hukumar ma'adinan Amurka ta tsara aka riƙa koyarwa, uku da uku. Ka durƙusa, ka ajiye hularka a ƙasa yadda fitilarta za ta haska akwatin, ka ɓalle murafen, ka rataya igiyar a wuya. Ukun farko su ne na rai: ka ja igiyar oksijin, ka ciji robar baki, ka matse hancinka da maƙalin. Sannan ukun baya: tabarau, ɗaure igiyoyi, mayar da hula. Wanda ya saba yana gamawa cikin ƙasa da minti ɗaya. Sai dai a wancan lokacin sau ɗaya a shekara doka ta bukaci a gwada wannan, kuma da na'urar koyo ake yi, fanko, wadda ba ta da sinadari a ciki. Mutum zai shekara ashirin yana haƙar kwal bai taɓa shaƙar iskar ainihin na'urar ba.

Iskar nan kuwa ba daɗi gare ta ba. Na taɓa samun damar numfashi ta irin na'urar koyon da aka ƙera daga baya don ta kwaikwayi ta gaske. Minti biyun farko lafiya. Daga nan iskar ta soma ɗumi, ta bushe, maƙogwarona ya ƙafe kamar ranar azumi cikin bazara. Jan numfashi ya zama kamar tsotsar kunu mai kauri ta siririn tsinke. Yawu ya taru a bakina ba damar tofarwa, maƙalin hanci yana cizo, kuma duk jikina yana gaya mini abu ɗaya: cire wannan abu, yana shaƙe ka. Ina tsaye ne a ɗaki mai fanka, mai koyarwa yana dafe da kafaɗata yana cewa, "Malam, sannu a hankali, haka take, kada ka cire." In da babu wannan murya, in da duhu ne da hayaƙi kuma ban taɓa jin haka ba, wallahi da na rantse ta lalace. Alhali zafin nan shi ne alamar sinadarin yana aiki.

Akwai kuma maganar jakar. Ma'aikata da yawa sun ɗauka cewa da an ja igiya jakar za ta kumbura tim kamar balan-balan ta zauna haka. Idan ba ta kumbura ba, sai a ce ta mutu. Amma ko da 'yar tukunyar farawa ta gaza, na'urar ba ta mutu ba. Umarnin kamfanin ya ce mutum ya shaƙi iska ya hura cikin robar sau uku zuwa shida har jakar ta ɗauka, sinadarin zai kankama da kansa. Wannan dabara tana rubuce a takarda. Ko tana cikin hannun mutum da ƙirjinsa a lokacin firgici, wannan wata magana ce. Kuma a lura da tsadarta: iskar da zai shaƙa don ya hura jakar ita ce gubar da yake gudu. Haka nan idan mutum ya ruga da gudu, yana iya zuƙe jakar ta lanƙwashe kafin sinadarin ya cika ta, sai ya ji kamar an toshe masa baki. Maganin shi ne ya rage sauri ko ya tsaya, abin da zuciyar mai gudun mutuwa ba ta son ji. Cikin waɗanda suka kuɓuta daga Sago ma akwai waɗanda suka shaida wa masu bincike cewa sun sha wahala da tasu na'urar.

Sannan karɓa-karɓar da suka yi. Zumunci ne, kuma ba ni da bakin da zan zarge su. Amma na'urar ba a yi ta don mutum biyu ba. Duk lokacin da aka cire robar, wanda ya cire yana shaƙar guba, oksijin ɗin jakar yana tsiyayewa, iskar waje tana shiga. Kabon monoksaid kuma ba ta fita daga jini da sauri. Abin da ka shaƙa yanzu yana nan yana jiran na anjima. Haka maganar cire ta don a yi magana, ko don a buga guduma. Mutum ba ya iya magana da roba a bakinsa, alhali mutum goma sha biyu da ke neman mafita dole su yi shawara. Wannan aibi ne a ƙirar na'urar kanta, ba a mutanen ba.

Yanzu maganar kula da ita, wadda ta fi kusa da hannun kowane mai kamfani da kowane jami'in tsaron ma'aikata. Wannan akwati tana rataye a ƙugun mutum kullum, tana bugun ƙarfe, tana shan girgizar mota, tana shan ruwa da laka. Abokan gabanta uku ne: laima, zafi, da girgiza. Idan murfin ya sami 'yar kafa laima ta shiga, sinadarin zai soma ci tun ba a buɗe ba, shi ya sa aka sa 'yan tagogi masu canza launi a sama da ƙasa, kuma aka ce mai ita ya duba su kafin kowane shiga aiki, ya duba ɗaurin murfin, ya duba ko ta lotse. Zafi yana lalata roba da bututu. Wanda ya bar tasa a cikin mota a rana, ko kusa da abin ɗumama ɗaki, ya cuce ta ba tare da wata alama ta fito a waje ba. Girgiza kuma tana niƙe ƙwayoyin sinadarin su zama gari, iska ta kasa ratsawa yadda ya kamata, numfashi ya ƙara nauyi. Don haka aka ce duk kwana 90 a girgiza ta da wata 'yar na'ura mai sauraro a manne, idan an ji motsin gari a ciki a cire ta daga aiki. Bayan duk wannan, tana da wa'adi: shekara goma daga ranar ƙira, ko da ba a taɓa buɗe ta ba.

A Sago, bincike ya nuna cewa ɗaya daga cikin na'urorin mamatan ta wuce shekara gomanta da 'yan watanni. Ba wanda zai iya rantsewa cewa waɗannan watanni ne suka kashe mai ita. Amma suna nuna cewa wani yana da aikin duba kwanan wata bai duba ba, a mahaƙar da MSHA ta rubuta wa laifuka 208 a shekarar 2005 kaɗai. Kuma matsalar irin wannan na'ura ita ce ba a iya gwada ta. Da ka buɗe ta ta tashi daga aiki. Fitila kana iya kunnawa ka gani, burki kana iya takawa ka ji. Ita wannan sai dai ka dogara da alamun waje da rajistar dubawa. Idan rajistar ta zama abin da ake cikewa a ofis ranar da sufeto zai zo, to babu abin da ya rage tsakanin ma'aikaci da sa'a.

Na ga irin wannan da idona a wata masana'anta da ba zan ambata ba, inda ake aiki da iskar kulorin. Akwatin kayan numfashi yana manne a bango, fentinsa sabo, takardar dubawa cike da sa hannu har na makon da ya wuce. Na ce a buɗe. Sai da aka aika neman mai mabuɗi, ya tafi cin abinci. Da aka buɗe, allurar ma'aunin tukunyar tana kwance ƙasa da rabi, robar fuskar ta bushe ta tsattsage a gefe. Mai kula da wurin, dattijo mai kirki, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba mu taɓa bukatarta ba." Gaskiya ya faɗa. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, kuma kayan da sai an nemo mabuɗi kafin a kai gare su ba kayan gaggawa ba ne.

Ko da a ce dukan na'urori goma sha biyun nan sun yi aiki sumul, akwai tambayar da ta rage: awa ɗaya ta isa? Awa ɗayan nan ƙiyasi ne na ɗakin gwaji. Mai jiki babba da ke tafiya da sauri zai cinye ta kafin haka. Wanda ya zauna shiru tana iya kai shi awoyi. Tafiyar mil biyu a sunkuye, cikin hayaƙi, kana lalube da hannu kana tuntuɓe da tarkace, ba tafiyar mil biyu ba ce a kan titi. Su kuma ba su san iyakar hayaƙin ba. Binciken baya ya nuna cewa hanyar ƙafa ba ta toshe gaba ɗaya ba, kuma iska mai kyau ba ta yi nisan da suka zata ba. In da akwai waya da wani zai ce musu ku taho, ko igiya da za su kama su bi, ko akwatin wasu na'urori a kan hanya da zai ba su ƙarfin zuciyar shiga hayaƙin, mai yiwuwa da labarin ya canza. Ba ɗaya daga cikin ukun da doka ta tilasta a mahaƙar a yadda ake bukatarsa ranar. Mutum huɗun da suka ce tasu ta ƙi ba su da ta biyu da za su ɗauka.

Shekarar ba ta bar Amurkawa sun huta ba. A ranar 19 ga Janairu gobara ta kashe mutum biyu a mahaƙar Aracoma Alma, a jihar dai. Majalisar jihar, bisa bukatar gwamna Joe Manchin, ta zartar da sabuwar dokar tsaro cikin yini ɗaya. A ranar 20 ga Mayu fashewa ta kashe mutum biyar a mahaƙar Darby da ke jihar Kentucky, uku daga cikinsu kabon monoksaid ce ta kashe su suna ƙoƙarin fita, maganar na'urorin numfashi ta sake tasowa. A ranar 15 ga Yunin 2006 shugaba George W. Bush ya sa hannu a kan dokar da ake kira MINER. Ta ce a tanadar wa kowane ma'aikaci iskar aƙalla awa biyu, a ajiye ƙarin na'urori a kan hanyoyin tsira a tazarar da ba ta wuce tafiyar minti 30 ba, a shimfiɗa igiyar jagora, a sanar da hukuma cikin minti 15 idan babban hatsari ya auku, rukunin ceto su kasance inda za su iso cikin awa ɗaya, kuma a samar da hanyar sadarwa marar waya da ta gano inda kowa yake. Daga baya aka ƙara ƙarfin da ake bukata ga katangun toshe tsofaffin ramuka, kuma a ƙarshen 2008 aka wajabta ɗakunan mafaka masu iskar awa 96.

A ganina, canjin da ya fi taɓa ainihin ciwon Sago shi ne wanda ya fi ƙaramin suna. An mayar da gwajin sa na'ura duk wata uku maimakon shekara, har da koyon yadda ake sauyawa daga wadda ta ƙare zuwa sabuwa ba tare da an shaƙi iskar waje ba. Kuma sau ɗaya a shekara dole kowane ma'aikaci ya sa ta cikin hayaƙi ko abin da ya yi kama da shi, ya yi numfashi ta na'urar koyo da ke ba da zafi da nauyin ta gaske. Wato hukuma ta amince, ko ba ta faɗa da baki ba, cewa shekara 25 ana ba mutane abin da ba a taɓa bari sun ɗanɗana ba.

McCloy ya yi makonni bai farfaɗo ba. Gubar ta taɓa masa ƙwaƙwalwa da ƙoda da zuciya, an kai shi Pittsburgh an yi masa magani a ɗakin oksijin mai matsi, sai ƙarshen Maris ya koma gida. Maganarsa kan na'urori huɗun ta zauna shekaru a gefe guda, sakamakon ɗakin gwaji a ɗaya gefen.

A farkon 2010 kamfanin CSE ya fitar da sanarwa cewa an gano matsala a 'yar tukunyar farawa ta wasu SR-100. NIOSH da MSHA suka tattaro guda 500 daga mahaƙu daban-daban, waɗanda duk sun tsallake dubawar da ake yi musu ta waje, suka gwada. A watan Afrilun 2012 aka fitar da sakamako: biyar daga ciki ba su da isasshen oksijin na farawa, kuma babu yadda mai ɗauke da ita zai gane haka ta hanyar kallo ko girgizawa. Wannan bai tabbatar da cewa abin da ya sami na'urori huɗun Sago ke nan ba, amma irin abin da McCloy ya kwatanta ne: ka ja igiya, jaka ta ƙi tashi. A lokacin akwai dubun-dubatar irinta a ƙugun masu haƙar kwal a faɗin Amurka. MSHA ta ba da umarnin a janye su duka kafin ƙarshen 2013, a fara da waɗanda mutane ke ratayawa a jiki.